Yadda Muka Ciyar da 'Yan Zomaye Biyu a Gombe, Daga Yaye Har Suka Girma

Sayen ɗan zomo a Gombe ba shi da wuya, domin unguwanni da yawa akwai matashin da ke kiwonsu a bayan gida, kuma da zarar ka nuna sha'awa za a kai ka wurinsa. Wahalar tana wajen samun tsayayyiyar magana a kan abin da za a ba shi ya ci. Mai sayarwa zai ce maka komai yana ci, maƙwabci zai ce karas da kabeji, wata dattijuwa za ta rantse cewa zomo ba ya shan ruwa, abin da ke intanet kuma galibi an rubuta shi ne don mutanen Ingila da Amurka, waɗanda ke sayen ciyawa a leda a kanti da sunayen da ba mu sani ba. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda zai bi hanyar da muka bi ya san inda zai je, abin da za a tambaye shi, da abin da zai kashe. Farashin da zan ambata na lokacin da na saya ne, kowa kuwa ya san yadda kuɗin kaya ke tashi a yanzu.

Mun karɓo namu a tsakiyar watan Nuwamba, kaka ta yi, sanyin hunturu ya fara shigowa da asuba. Biyu muka saya, fari da mai ruwan toka, a kan naira 4,000 kowane ɗaya, a hannun wani matashi da ke kiwo a kejin katako da waya. Ya ce sun kai mako shida da haihuwa, kuma ya riga ya raba su da uwarsu. Kafin in je, wani abokin aikina da ke koyar da aikin gona a makarantarmu ya ja mini kunne a kan abu biyu: in leƙa mazubin abincinsu in ga abin da suka saba ci, in kuma roƙi a auna mini kaɗan daga ciki in tafi da shi, domin kada sauyin gida da sauyin abinci su haɗu musu a rana ɗaya. Da na leƙa sai na tarar da dusar masara da aka yayyafa wa ruwa, an gauraya ta da abincin kaji, babu ko tsinken ciyawa a kejin. Na tambayi matashin abin da zan riƙa ba su, ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, zomo ba ya zaɓen abinci. Ragowar tuwo, ɓawon kankana, kabeji, duk abin da aka rage a gida." Ya auna mini rabin mudu na haɗin nasa kyauta, muka sa su a kwali mai huji muka dawo gida.

Cikin makon farko farin ya saki jiki yana ta tsalle-tsalle, amma mai ruwan tokan ya lafe a lungun keji, kunnuwansa a kwance, gashin ƙarƙashin wutsiyarsa ya jiƙe ya manne da kashi mai ruwa. Abokin aikin nawa ya ce gudawa a ɗan zomo ba abin jira ba ce, tana iya kashe shi cikin yini ɗaya ko biyu, kuma in tafi da su duka biyun tare da sabon kashinsu a cikin leda mai tsabta. Autarmu, wadda dominta aka sayo su, ta ƙi karyawa a ranar, tana ta cewa, "Abba, zai mutu ne?" Ni ma kaina hankalina bai kwanta ba. A asibitin dabbobi aka fara da yankar kati a kan naira 500, ma'aikacin ya rubuta sunana da unguwarmu da lambar wayata da irin dabbar da shekarunta, sannan ya ce in jira a benci ƙarƙashin dogon yaro. A gabana akwai mai akuyar da haihuwa ta tsaya mata, da mai gidan kaji da ya kawo matattu a buhu a duba masa, da wani mai kare. Saboda karen na rufe kwalin da mayafi na koma can gefe, domin tsoro kaɗai yana iya hana zomo cin abinci. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka kira ni.

Likitar ta fara da ɗora su a sikeli, farin giram 640, ɗayan giram 510. Ta matsa cikin marar lafiyan a hankali, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta ɗaga fatar wuyansa ta saki don ta ga ko ruwan jikinsa ya ragu. Tambayoyinta kusan duka a kan abinci ne: yaushe aka yaye su, me suke ci a can, me suke ci a nan, ko yana sa baki a abincin, ko yana shan ruwa. Da na ce mako shida sai ta girgiza kai ta ce, "Malam, da an bar su da uwarsu har mako takwas, da wataƙila ba ka zo nan ba." Ta bayyana mini cewa ɗan zomo yana fara taɓa abinci ne wajen mako uku, kuma hanjinsa yana samun ƙwayoyin halitta masu narkar da ciyawa ne sannu a hankali daga wurin uwarsa, shi ya sa makonnin da ke biye da yaye su ne mafi haɗari a rayuwarsa. Gwajin kashi ya ci naira 1,500 da jiran kusan awa guda. Aka ga ƙwayayen koksidiya, cutar da masu kiwon kaji ke kira koksi, wadda ke yaɗuwa idan kashi ya shiga abinci ko ruwan sha. Ta yi masa allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta rubuta magani na su biyun. Duka-duka na kashe kusan naira 6,000 a ranar. Gargaɗin da ta fi nanatawa shi ne kada wani ya ba ni shawarar in buɗe kafso ɗin Ampiclox ko amoksilin in zuba musu a ruwa kamar yadda wasu ke yi wa kaji, domin dangin fenisilin idan zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin halittar hanjinsa masu amfani, shi ma ya bi su.

Kafin in tashi na ce, "Likita, to yanzu me zan ba su?" Amsarta ce ta warware mini duk ruɗanin da na shiga. Zomo yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba, a nan ciyawa ke tsima har jiki ya amfana da ita, kuma cikin nasa ba ya tafiya daidai sai da abinci mai kaushi da zare yana wucewa dare da rana. Hatsi da dusa da kayan zaƙi idan suka yi yawa suna rikita wannan jaka, ƙwayoyin cuta su rinjayi masu amfani, sai kumburi da gudawa, ga shi kuma zomo ba ya iya amai. Haƙoransa 28 ne, ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako, tauna ciyawa ce ke goge su. Ta juya katin ta rubuta mini tsari a bayansa. Daga yanzu zuwa wata shida ko bakwai, busasshiyar harawa iya cinsu, da felet na zomo, wato abincin kanti da ake sarrafawa ƙwaya-ƙwaya, da ruwa. Babu ɗanyen ganye sai sun kai mako 12. Daga wata bakwai busasshiyar ciyawa ta zama kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsu, felet ya koma giram 25 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ta ce alfalfa da nake gani a rubuce-rubucen Turawa dangin wake ce, mai yawan furotin da kalsiyam da ɗan dabba ke buƙata don tsoka da ƙashi, kuma harawar gyaɗa da ta wake su ne suka fi kusa da ita a abin da muke da shi. Na tambaye ta batun madara, saboda maiɗakina ta ce ko a ɗan dama musu tunda ƙanana ne. Ta ce ko kusa, ba madarar gari ba, ba nonon shanu ba.

Washegari na nufi kasuwar dabbobi ta Tike a Pantami, inda masu harawa ke jere da kayansu saboda masu kiwon raguna. Wani dattijo ya tambaye ni, "Ɗana, raguna nawa gare ka?" Da na ce zomaye ne guda biyu sai ya yi dariya har rawaninsa ya goce, amma da na gaya masa likita ta ce in kula da fumfuna, sai ya gyara zama ya koya mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya kwance dami ɗaya ya buɗe tsakiyarsa, ya ce a nan ake gane gaskiyar harawa, ba a bayanta ba. Wadda aka shanya da kyau ganyenta yana nan a jikin kara, kore-kore ne, tana da ƙamshi, idan ka murza tana ƙara. Ya jawo wani damin da ruwan ƙarshen damina ya daka, cikinsa ya yi baƙi-baƙi da wani farin gari a gaɓoɓin, yana warin rima, ya ce, "Wannan ko ragona ba zan ba shi ba." Wannan magana ta fi nauyi a kan zomo, domin yana cikin dabbobin da gubar fumfuna ta fi saurin lalata wa hanta. Na ce, "Baba, ta gyaɗa ko ta wake?" Ya ce in haɗa, ta gyaɗa ta fi laushin ganye, ta wake ta fi kara. Na sayi dami ɗaya na kowace a kan naira 1,500, suka yi mana makonni. A gida nakan kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwar gyaɗar, in sa harawar a wani ɗan kwandon waya da muka ɗaure a jikin keji, saboda idan ta zube ƙasa suka yi fitsari a kai ba sa ƙara kallonta, kuma hanyar komawar koksi ke nan.

Felet ne ya fi ba ni wahala. Shagunan abincin dabbobi a gari na kaji ne da na kifi. Wani mai shago ya ɗebo mini na kifi a tafin hannu ya ce duk ɗaya ne, tunda kamanninsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, na kifi an cika shi da furotin, sau da yawa har da garin kifi, zomo kuwa tsiro kaɗai yake ci. Wani ya ce in ɗauki na kaji masu tasowa, shi kowa yake ba zomayensa. Gaskiya ne mutane da yawa suna yin haka, amma abincin kaji masara ce ta fi yawa a cikinsa, zarensa kaɗan ne, kuma wani ana sa masa maganin koksi irin su monensin, wanda kaza ke ɗauka lafiya amma guba ne ga zomo. A ƙarshe wani ya yarda ya sa a haɗo masa da buhu ɗaya cikin kayansa daga Jos, na jira har motar ta iso, ya riƙa auna mini kilo a kan naira 1,200. Da yake daga buɗaɗɗen buhu ake aunawa, na roƙi ya nuna mini takardar da ke ɗinke a bakinsa. Abin dubawa shi ne a ga an rubuta na zomo ne, furotin tsakanin kashi 16 zuwa 18, faiba kuma, wato zaren da ke cikin abincin, ana son ta kai kashi 18, sai ranar da aka yi shi. Wanda na samu faibarsa ba ta kai haka ba, likitar ta ce ba komai muddin harawa ba ta yankewa. Ban taɓa sayen fiye da abin da zai ƙare cikin wata guda ba, kuma a bokiti mai murfi muke ajiye shi saboda ɓera da danshi.

Ba mu janye haɗin matashin nan a rana ɗaya ba. Mun riƙa rage shi muna ƙara felet kaɗan-kaɗan har kusan mako biyu, ba tare da jiƙawa ba, safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye su koma kan harawa. Ruwa kuwa a ƙaramin kasko mai nauyi muke zubawa saboda roba suna kifar da ita. Maganar cewa zomo ba ya shan ruwa ta samo asali ne daga wanda ke cin ɗanyen ganye kullum, amma mai cin harawa da felet yana iya shan kusan mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, idan kuma ruwa ya yanke masa, ci ma yana tsayawa. A wannan lokaci ne na koyi duba tiren da ke ƙarƙashin keji kowace safiya kafin in fita aiki. Kashin lafiya busasshe ne, kewayayye, girmansa ɗaya, mai yawa, idan ka murƙushe shi sai ya wargaje ka ga ɓurɓushin ciyawa. Idan ya ƙanƙance ko ya ragu, ci ya ragu ke nan. Akwai kuma wani iri na biyu da ya tayar wa autarmu hankali ranar da ta ga farin ya sunkuyar da kai tsakanin ƙafafunsa da asuba yana tauna. Shi wannan mai laushi ne, mai sheƙi, a cure kamar nonon inabi, yana da wari, kuma zomo yana cinye shi kai tsaye don ya sami bitamin da furotin da suka tsima a jakar nan. Lafiya ce, ba a hana shi. Idan ma aka fara ganinsa birjik a tire ba a cinye ba, alama ce felet ya yi yawa.

Sun cika mako 12 a ƙarshen Disamba, daidai lokacin da kayan lambun rani daga Kwadon da Dadin Kowa suka fara cika kasuwa. A lokacin mai ruwan tokan ya warke har ya kusa kamo ɗan'uwansa a sikelin girkin da muke auna su duk Juma'a. Da ganyen karas muka fara, wanda masu kayan miya ke yankewa su zubar, sau da yawa kyauta suke ba ni. Reshe ɗaya tak ga kowane, a wanke shi sosai saboda feshin maganin ƙwari, a bar shi ya tsane, sannan a jira a ga tiren gobe. Idan kashi bai sauya ba, a ƙara kaɗan, sai bayan 'yan kwanaki a gwada wani ganyen. Haka muka bi da ganyen dankalin Hausa, da zogale, da latas mai duhun kore. Kabeji shi muka sa a ƙarshe kuma ba mu taɓa yawaita shi ba, saboda yana iya tara musu iska. Farin bai karɓe shi ba ma, kashinsa ya yi laushi, muka janye shi muka bar shi a harawa da ruwa har ya daidaita. Amfanin gwada ganye ɗai-ɗai ke nan, nan take aka san mai laifi. Shi karas ɗin kansa, wanda kowa ke ɗauka abincin zomo ne, zaƙinsa ya yi yawa, yanka ɗaya siriri jefi-jefi ya isa, shi ma sai da suka girma.

Aikin da ya fi kowane shi ne tsare su daga ƙaunar yara. Yaran maƙwabta kan zo kallo da biskit da burodi da gyaɗa da rake a aljihu, kuma zomo ba ya ƙin karɓa. Dole na rubuta takarda na manna a jikin kejin, na kuma ɗora wa autar alhakin cewa ba mai ba su komai sai daga kwanon da aka ware. A takardar akwai waɗanda ke cutarwa sannu a hankali, irin su tuwo da burodi da masara, akwai kuma masu guba: albasa, tafarnuwa, fiya (wato avokado), ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, ɗanyen ganyen rogo, tumfafiya da zaƙami.

Mun koma asibiti da tsohon katinmu suna da wata uku da 'yan kai, babu dogon jira a wannan karon. Likitar ta tabbatar da cewa namiji ne da mace, ta ce a raba musu keji tun kafin su kai wata huɗu, abin da ya taimaka ta wani ɓangaren, domin daga nan ne muka san abin da kowane yake ci. Sauyi na ƙarshe ya faɗo a Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, alhali zomo yana fara wahala da zarar an wuce 30. Da rana sai su miƙe a ƙasa su ƙi ci, don haka muka mayar da felet da ganye zuwa bayan magariba da bayan sallar asuba, muna sauya ruwa sau da yawa, muna ajiye musu gorar ruwa mai ƙanƙara idan an sami wuta. Fitsarinsu kuma ya fara barin farin alli mai kauri a tire, domin zomo ta fitsari yake fitar da rarar kalsiyam, kuma girma ya tsaya, harawa ta fara yi musu yawa. Lokacin komawa ciyawa ya yi, sai dai a Afrilu samun busasshiyar kyasuwa ko gamba mai ɗan kore aiki ne. Abin da ke kasuwa ya zama fari fat kamar an wanke shi, kuɗinsa ya ninka saboda masu kiwon ragunan layya. Dattijon nan na Tike ne ya samo mini kyasuwar da wani ya adana a rumfa tun kaka. Da farko sun ƙi ta, suna tone ta suna neman ganyen gyaɗa, sai da muka riƙa cakuɗawa muna rage harawar har tsawon wata guda. Wanda ya sami ɗan zomo a kaka, ya sayi ciyawar bazara tun a lokacin, ya ɗora ta a kan katako a inuwa inda iska ke ratsawa.

Da damina ta sauka matsalar ta juya, ciyawa ko'ina, yara suna ɗebo ta da raɓa suna so su cika keji. Sabuwar ciyawa ma sabon abinci ce, ƙa'idar ganye ita ce ƙa'idarta: kaɗan da farko, a baza ta a inuwa ta sha iska, kada a tara ta a buhu ta yi zafi. Ba ma yanka a bakin titi ko bakin kwata, ba ma yanka kusa da gona sai mun tabbatar ba a yi feshin maganin ciyawa ba, abin da ya zama ruwan dare a gonakin kewayen gari. Busasshiyar kuwa ba ta barin kwandon ko da damina.

Wanda bai riga ya saya ba yana da damar da ta fi duk wannan sauƙi. Ya zaɓi ɗan zomon da yake so, ya ba da kafin alƙalami, ya ce a bar masa shi da uwarsa har ya cika mako takwas, ya tanadi harawa da felet da kasko kafin ranar ɗauka, ya kuma karɓo kaɗan daga abincin da ya saba ci. Ranar da ya je asibiti ya yanki kati, ya nemi lambar wayar likita ko wani ma'aikaci da zai iya kira a ƙarshen mako. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, hanjinsa ya fara tsayawa ke nan, ba a ajiye shi sai Litinin.